Ba Ke Kika Karya Reshen Tsamiya Ba

Ummi, tsamiyar da ke bakin ƙofarmu, wadda kike mayar da hannuwanki baya duk sanda za ki wuce ta, ba ke kika karya mata reshe ba. Ni ce. Shekara bakwai ke nan ana faɗa a gidan nan cewa ke ce, ina zaune ina ji, wani lokaci har in taya su dariya. Iyakar karatuna aji shida na firamare da 'yar Islamiyya, rubutuna ma sai an ƙura masa ido, amma na sauka kantin da ke ƙasan benenmu na sayo wannan littafi mai layi, don na gwada faɗa miki da baki har sau uku, kowane lokaci sai in ɓige da ce miki ki je ki wanke hannu.

Ina 'yar shekara ashirin muka sauka Kuala Lumpur, kina wata tara a bayana. Abbanki ya samu gurbin ƙaro karatu, muka kama ɗaki a wani dogon bene a unguwar Sentul, hawa na goma sha ɗaya, nan dai da muke har yau, ƙofofi a jere, doguwar baranda guda ta haɗa kowa. Da sassafe yake fita ya hau jirgin ƙasa zuwa makarantarsu a Bukit Jalil, ba ya dawowa sai bayan magariba. Ni ba Turanci, ba yaren Malay, ba wadda zan leƙa in ce ina kwana. Sai tsoro ya zama aikina. In kashe gas in dawo in duba sau uku. In auna tsakanin ƙarafan baranda da tafin hannuna, in zo in auna kanki, in ga ko zai wuce. Idan kika yi barci mai nauyi sai in sa yatsa a hancinki. Wanda ba shi da abokin hira kuwa kallo yake yi, shi ya sa na san ƙarfe nawa kowace ƙofa take buɗewa, da wadda ke shanya kayan jiya ba ta kwashe ba.

A can ƙarshen barandar, inda hantsi ke fara dukanta, akwai wani tsoho da kowa ke kira Ankul Lim. Ɗan ƙabilar Sinawa ne amma haifaffen nan, ya ƙare ƙuruciyarsa a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa da ke unguwar a da, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari mai suna Ipoh. Kullum yana cikin farar singileti da gajeren wando, a tsugune gaban wani benci da ya jera kasake masu faɗi marasa zurfi, kowanne da 'yar bishiya a ciki. Da farko na ɗauka na roba ne, irin na ado. Ranar da na matsa kusa ina jijjiga ki, sai idona ya faɗa kan guda ɗaya. Ko cikin barci aka tashe ni na san ganyen tsamiya. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, amma kaurin jikinta ya kai wuyan hannun Abbanki, ɓawonta ya tsattsage irin na tsufa, saiwoyinta sun kama ƙasa kamar yatsun kaza. Da magariba ta gabato na sake leƙawa, na tarar ta naɗe ganyenta bibbiyu, sak yadda ta ƙauyenmu take yi.

Ke ba ki san ƙauyenmu ba sai a hoto. Can bayan Kazaure, a hanyar rijiya, akwai tsamiyar da ba a wuce ta da tsakar rana sai da bisimilla. Ba a shuka tsamiya a cikin gida, ba a fitsari a gindinta, ba a sa mata gatari, don an ce tana da masu ita. Wani Ɗan'azumi ya taɓa sare mata reshe don awakinsa, gari ya waye bakinsa ya koma gefen kunne. Da idona na gan shi, miya na zuba ta gefe idan yana cin tuwo. To ga ni a hawa na goma sha ɗaya a wata duniya, ga tsoho da almakashi yana yi wa tsamiya aski yana fito.

Na faɗa wa Abbanki yana cin abinci. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce sunan abin bonsai, bishiya ce ta gaske, ana hana ta girma ne ta hanyar rage mata saiwa da tsinke mata toho, ana naɗa wa rassanta wayar jan ƙarfe a lanƙwasa su yadda ake so, mutum ya yi shekara talatin yana renon guda ɗaya. Ɗan'azumi kuwa, in ji shi, hawan jini ne ya shanye masa ɓarin fuska.

"Binta, ki bar camfin nan a Kazaure," ya ce. "Jakarmu ma da ƙyar ta wuce awo a filin jirgi, ke har da aljanu kika ƙunso?"

Amma ban bari ba.

Tsohon ne ya fara neman mu. Kullum muka fito sai ya miƙo miki 'yar ayaba. Da azumi ya zo, Abbanki ya kai ni kasuwar unguwar Masjid India na samo tsamiya a ƙulle cikin leda, na dama kunu, na ɗiba a kofi na kai masa. Na nuna kofin, na nuna bishiyarsa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa, ya shanye tas ya kife kofin a kansa don in ga ba saura. Daga ranar na samu wurin zama. In shimfiɗa miki tabarma nesa da bencin, in zauna ina kallon hannunsa. Shi ya fara koya mini kalmomin garin nan: boleh, wato za a iya, potong, wato yanka, sudah, wato an riga an yi. Na lura ba ya shayar da su sai ya tura ɗan tsinke cikin ƙasa ya zaro ya duba. Na lura kafin ya yanke ko da toho ɗaya sai ya juya kaskon ya zagaya da shi, ya yi tagumi, wani lokaci ya ajiye almakashin bai yanke komai ba ya tafi shan shayi.

Kina wata goma sha uku aka ce za a yi masa aikin ido, zai zauna wajen 'yarsa sati shida. Sauran bishiyoyin wani abokinsa ya zo da mota ya kwashe, amma tsamiyar ya ɗauko da kansa ya dire a bakin ƙofarmu. Ya ce abokin nasa yawan ruwa gare shi, ni kuwa ya ga ina da ido. Abu biyu ya roƙe ni. Na farko ruwa, safe da yamma, sai in an yi ruwan sama. Na biyu ya nuna mini reshen da ke can ƙasa, wanda ya miƙa dama ya ɗan sunkuyo kamar hannun mace mai miƙa ƙwarya. Ya ɗaga yatsu goma, ya ƙara ɗaya: shekara goma sha ɗaya yana renon wannan reshe tun yana ɗan toho. Bai daɗe da naɗa masa waya ba. Ya kama yatsana ya tura farcena tsakanin wayar da ɓawon.

"Ran da farcenki ya daina shiga, potong," ya ce. "Da wannan, guntu-guntu. Kada ki warware da hannu. Boleh?"

Ya sa mini 'yar filaya mai jan hannu a tafina. Kunya ta hana ni cewa komai, ga shi ya yarda da ni, abin da ba wanda ya yi tun zuwana garin nan. Na ce boleh.

Sati biyu da tafiyarsa kika fara zazzaɓi. Ya sauka, ya dawo. Kina zabura cikin barcin rana kina tsala ihu kina jan kunne. Sa'anninki da nake gani a lif, na'urar hawa bene, duk suna tafiya, ke ko tsayuwa kin ƙi, in na tsayar da ke sai ƙafafun su lanƙwashe. Na tura wa Inna, kakarki, saƙon murya ina kuka, cikin magana na ambaci tsamiyar. Amsarta tana nan a kunnena har yau, da kukan awaki a bayanta.

"Binta, ke da hankalinki? Tsamiya a bakin ƙofa, ga jinjira a ɗaki? Ƙanƙantarta ba ta hana masu ita zama. Ki nisanta ta da yarinyar nan. Kuma ko da wasa kada ki sa mata ƙarfe, kin dai ga Ɗan'azumi."

A ranar na ja kaskon na mayar da shi ƙarshen baranda. Ruwa kam ban taɓa fashi ba, amana ce. In tsaya daga nesa in miƙa hannu da buta, in yi bisimilla, in zuba, in dawo da baya da baya. Filayar kuwa na naɗe ta a tsumma na tura bayan buhun shinkafa. Za ki ce me ya hana in ba Abbanki ya yanke, tunda shi ba ya tsoro. Na yi tunanin haka. Sai na hango shi bakinsa a karkace a ƙasar da ban san ko hanyar asibiti ba, na ce a'a. Shi ya sa ko labarin wayar ban ba shi ba.

Kada ki ce ban gani ba. Ina gani. Lokacin ruwa ne, kusan kullum bayan la'asar sai an sheƙa, tsamiyar ta yi ta toho kamar ana hura ta. A sati na biyar na daure na tura farcena, ya shiga da ƙyar. A na shida ya ƙi. Sati shidan Ankul Lim kuma bai tsaya a shida ba, don bayan aikin idon ya zame a banɗaki ya ji ciwo a ƙugu, aka riƙe shi. Ɓawon ya fara kumbura ta kowane gefe na wayar, kamar zobe a yatsan mai tsohon ciki. Daga baya wayar ta fara nutsewa, a wasu wuraren sai kin duba da kyau za ki ga jan ƙarfen. Kowace safiya in ce yau zan yanke, in je har bayan buhun shinkafa, sai in jiyo tarinki, in dawo hannu wofi. Na rame. Abbanki ya ɗauka ciwonki ne kawai ke cina. Ya kai ki wajen likita aka ce kunne ne, aka ba mu magani, zazzaɓin ya tafi, amma tafiya shiru, ni kuwa zuciyata ta ce ba a gama ba.

Wata rana 'yarsa ta kira lambar Abbanki ta haɗa ni da tsohon. Muryarsa ta yi ƙasa sosai. Bai tambayi ɗakinsa ba, bai tambayi wasiƙunsa ba. Ya tambayi lafiyarki, sannan ya ce ko na yanke. Na ce sudah. Kalmar da shi ya koya mini, da ita na yi masa ƙarya.

Wata huɗu cif ya yi. Aka aiko cewa ranar Asabar zai dawo. Ranar Alhamis bayan ruwa ya ɗauke na fito da ke na zaunar a tabarma, na tsuguna gaban tsamiyar. Ganyen reshen ya fara rawaya daga baki. Sai na yi wa kaina wata dabara irin ta mai neman mafita: Inna cewa ta yi kada in sa mata ƙarfe, hannu ai ba ƙarfe ba ne, cire mata ƙarfen ma zan yi, masu ita sai dai su gode. Na san ya hana. Na tuna sarai. Na karanta duk abin da na iya, na kama bakin wayar na fara warwarewa. Zagaye na farko ya taho da ɓawo, farin itace ya bayyana jiƙe. Na biyu haka. Na ce bari in yi sauri in gama. A na uku, kusa da jikin bishiyar, wayar ta ƙi fita, na ɗan ja. Ƙarar ba ta fi ta karya tsinken tsintsiya ba. Na duba sai ga shekara goma sha ɗaya a hannuna.

Na saki reshen ya faɗi. Kika rarrafo kika ɗauka kika cusa ganyen a baki, kika yamutsa fuska saboda tsami. Daidai nan lif ya buɗe, Abbanki ya fito, ranar kaɗai ya dawo da wuri. Ya dube ki, ya dubi bishiyar.

"Innalillahi. Ummi ce?"

Na gyaɗa kai. Ba wanda ya matsa mini. Ke ba ki iya magana ba, ni na iya, na gyaɗa kai. Abbanki mai karanta takarda ne, ba mai karanta reshe ba, bai lura da wayar da ke lilo rabi a warware ba. Ya ce in riƙa sa ido a kanki, ya ɗauke ki ya shige.

Ranar Asabar muka je gaishe shi mu uku. Yana zaune da sanda a gefensa da baƙin tabarau. Abbanki ya ba shi haƙuri da Turanci mai tsawo, yana nuna ki. Na miƙa masa reshen, na naɗe shi a ɗankwalina. Ya cire tabarau, amma ba da ido ya duba ba. Ya bi jikin reshen da babban yatsansa, a hankali, yatsan na faɗawa cikin ramin da wayar ta haƙa, zagaye bayan zagaye. Ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina jiran ya faɗa. Sai ya kama ɗan hannunki ya jinjina, ya ce wa Abbanki yarinyar nan ƙarfi gare ta, za ta yi aikin jirgin ƙasa. Suka yi dariya. Ni na fi son a ce zagina ya yi.

Bayan kwana biyu, Abbanki ya fita, na same shi a tsugune gaban tsamiyar yana shafa wa ciwon wani baƙin magani. Bai juyo ba ya ɗaga yatsu huɗu, wato wata huɗu wayar ta yi. Sannan ya tambaye ni me na ji tsoro. Da 'yan kalmomina da hannuwana na ba shi labarin tsamiyar ƙauyenmu, na karkace bakina na nuna masa Ɗan'azumi, na nuna ki. Bai yi dariya irin ta Abbanki ba. Ya ce a nan ma akwai bishiyoyin da mutane ba sa sarewa, mahaifiyarsa ma ba ta bari a yi musu fitsari. Ya nuna kaskon.

"Idan akwai wani a cikin wannan," ya ce, "shekara talatin ina masa aski ina yanke masa farce, bai taɓa kai ƙarata ba. Amma yarinyar nan, ke za ki faɗa mata gaskiya. Ba aikina ba ne."

Kwana tara ina duba bakina a madubi safe da yamma, ina duba naki. Ba abin da ya karkace. A rana ta goma kika dafa bencinsa kika miƙe, kika taka uku zuwa wajen ayabarsa. Inna ta ce karyewar reshen ce ta sake ki. Abbanki ya ce maganin kunne ne da lokaci. Ni har yau ban san wa zan bi ba, shi ya sa nake riƙe almakashi da hannu ɗaya, bakina kuma yana bisimilla.

Ya koya mini aikin bayan haka, ba tare da ya sake tayar da zancen ba. Ya fere guntun da ya rage ya bar shi fari, ya juya kaskon ya samo wa bishiyar sabuwar fuska. Ranar da ya fara sa ni rage mata saiwa, na zaro ta daga kasko ina tsefe ƙasar da tsinke kamar ina tsefe miki kitso, gumi ya jiƙa mini hijabi, shi kuwa yana gefe yana ce mini in yi numfashi. Kina shekara huɗu ya koma Ipoh gaba ɗaya, ƙafar ta ƙi. Ya bar mini tsamiyar da filayar. A bakin lif ya sake tambayata ko na faɗa miki. Na ce kina ƙarama tukuna. Wannan karon dai ban ce masa sudah ba.

Sai labarin ya zauna a gidan nan ya yi saiwa. Duk baƙon da ya zo cin tuwon Sallah sai Abbanki ya nuna masa farin guntun ya ce ga aikin Ummi mai karya tsamiya, a yi dariya, ke ki yi murmushin dole. Ina ganin yadda kike rakuɓewa jikin bango idan za ki wuce. Ina cewa wasa ne, za ki manta. Makon jiya aka ba ku ƙwayar wake a makaranta kowa ya shuka a kofi. Kika kawo mini naki kika ce in shuka miki, da Turancinki da na fara ganewa yanzu, wai ke duk shukar da kika taɓa mutuwa take yi, haka hannunki yake tun kina jaririya. Ba kuka kika yi ba, faɗa kawai kika yi kamar mai faɗin sunanta. Na shiga kicin na kunna famfo don kada ki ji ni. Ni na san yadda ake naɗa wa ƙaramin abu waya a bar ta ta nutse. Na yi sau ɗaya ga bishiya, ina kallo kullum ina cewa gobe.

Ba ki iya karanta Hausa ba, ni kuma ban iya rubuta wani yare ba, don haka na san wanda zai karanta miki wannan. Abban Ummi, ka ji da bakinka. Ban san yadda fuskarka take ba a wannan layin. Abin da za ka ce mini ka ce, na cancanta. Amma ka karanta mata har ƙarshe, kada ka tsallake wurin gyaɗa kan.

Ummi, sama kaɗan da farin guntun akwai sabon reshe. Shekara biyar ina renonsa tun yana toho kamar ƙwayar gero. Na naɗa masa waya sati shida da suka wuce. Da safen nan na tura farcena, da ƙyar ya shiga, gobe ba zai shiga ba. Ban yanke ba. Filayar mai jan hannu tana kan littafin nan, ki ɗauko ta. Guntu-guntu ake yi, ba a warwarewa, zan nuna miki inda za ki fara. Ina baranda ina jira. Ki taho da hannuwanki a gaba.